Ƙiryar Baba a Salon Yamai

Ni mai sudur ne, abin da mutanen Najeriya ke ce ma walda. Sama da shekara ashirin ina ƙona idona a bakin hanyar tasha a Dakoro, ina haɗa ƙofofi da gadaje da kujerun ƙarfe. A gabana mutanen garin nan suka watsar da icce. Mace za ta zo ta ce gadon icce kayan ƙauye ne, gara ke cin shi, a yi mata na ƙarfe mai shuɗin fenti. Ban taɓa yin gardama ba, abincina ne. Shi ya sa ranar da na ji wai manyan Yamai yanzu tsohon icce suke nema, wanda ya tsattsage ya yi baƙi, su kafa mishi ƙafafun ƙarfe su girka shi tsakiyar salo, wato ɗakin baƙi, dariya na yi har da riƙe ciki. Ban san a ƙofar gidanmu abin zai faɗo ba.

Akwai wani gungumen ƙirya da ke kwance a ƙofar gidanmu, ƙarƙashin bedi, iccen da wasu ke ce ma dogon yaro. Mutum huɗu na zama bisanshi ba matsi. Asalinshi iccen bakin rijiya ne, rijiyar da kakana ya gina a ƙauyenmu wajen Rumbu. A kanshi ake goga igiyar guga in ana jan ruwa, shekara da shekaru, har igiyoyin suka yi mishi gurabe, wasu zurfinsu ya kai yatsa biyu, sun yi sumul suna ƙyalli. Da aka yi rijiyar siminti aka cike tsohuwar, Baba ya ɗauko gungumen a amalanken shanu ya kawo shi Dakoro. Bai kawo komai daga ƙauyen ba sai shi da tabarmarshi. Tun daga nan, in an fito sallar asuba, bisanshi yake zama, tsofaffin unguwa su zo su jeru, har rana ta kore su. Baba ba mai yawan magana ba ne, bai taɓa ce mana ga abin da iccen yake a wurinshi ba, mu kuma ba mu tambaya ba.

Sai taubashina ya zo wani suna da aka yi a gidanmu. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Tare muka yi lakwal, makarantar boko, ni na tsaya a hanya, shi ya wuce har ya zama babba a wani biro, ofis ke nan, a Yamai. Ina tsokanarshi da Mushe, yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci, shi kuma yana ce mani Maƙeri. Wannan Mushen, wallahi da kunnena na ji shi, shekarun baya, yana cewa abin kunya ne ɗa yana sana'ar kujeru ubanshi na zama bisa gungume. To shi ne ranar sunan ya fito daga mota, bai ma gama gaisawa ba ya tsaya cak, ya durƙusa yana shafa iccen, ya fiddo salula, wayar hannu, yana ɗaukar hoto ta gaba ta baya.

"Kawu, kun san abin da ke gare ku nan kuwa?" Ya juyo wurina. "Maƙeri, zo ka gani."

Ya riƙa tura mani hotuna da yatsa: tabura masu kaurin katako, ƙafafu baƙin ƙarfe siriri, fitila na haske bisansu. Wai haka ake yayi a manyan otal. Wai ƙarfe sanyi gare shi, icce ɗumi, in an haɗa su ɗaki sai ya yi rai. Na ce mishi ni da ke riƙe ƙarfe a rana tsaka ban taɓa jin sanyinshi ba. Bai saurare ni ba. Ya koma gaban Baba yana ta yabo, ya yaba ƙiryar, ya yaba guraben, ya sake yabawa.

Baba ya yi murmushi ya ce, "Ai naka ne."

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san wannan maganar. In ka yaba rigar mutum ko raƙuminshi, cewa zai yi naka ne, kai kuma ka ce Allah shi bar maka, shi ƙara maka wani. Shi ke nan, kowa ya fita kunyar kowa. Ba wanda ke kwance raƙumin ya ja. Mushe ya sani sarai, a gidan nan ya sha nono. Amma sai ya dafe ƙirji ya ce, "Kawu, na gode, Allah shi ƙara girma."

Na ɗauka wasan taubasai ne yake yi mani. Washegari da hantsi sai ga mota mai buɗaɗɗen baya da ƙarti huɗu. Na taso daga atiliye, wurin aikina, da gudu, tabarau na aiki ma ban cire ba. Na ce, "Mushe, kanka ɗaya? Maganar baki ce fa!" Ya yi dariya ya ce, "Kai ka ba ni ko Kawu?" Na dubi Baba, ina jira ya ce uffan. Yana tsaye riƙe da sanda, ya dube ni duba ɗaya, irin wanda ke nufin rufe bakinka. Ɗan ƙanwarshi ne, a gaban mutane ya faɗa, ba zai janye ba ko da za a yanka shi. Da gungumen ya ƙi hawa, Baba da kanshi ya ce su sa igiya ta ƙasa.

Don rashin ta ido, kafin ya shiga mota Mushe ya jawo ni gefe, wai ko zan yi mishi ƙafafun, tun da sana'ata ce. Na ce ya ɓace mani da gani. Ya ce to in yi ma Kawu kujerar ƙarfe mai kyau, da majingina.

Na yi kujerar, ba don shi ba. Na naɗe ta da igiyar roba, na sa mata matashi. Baba ya sa albarka, ya ce a kai ta zaure don baƙi. Ya koma shimfiɗa tabarma a ƙasa, daidai inda gungumen ya bar shaidarshi. Tsofaffin suka zo kwana biyu, zaman ƙasa da tashi ya gagari gwiwoyinsu, suka koma ƙofar masallaci inda akwai dakali. Baba bai bi su ba. Ya rage fitowa, abincinshi ya riƙa dawowa da saura. In na ce ko jiki ne, sai ya ce lafiya lau. Raina ya ɓaci ƙwarai, da Mushe, da Baban ma.

Bayan damina na ce za ni Yamai sayen kayan aiki. Baba ya gane wurin Mushe za ni. Ya ce, "Kada ka roƙe shi. Ban yafe ba in ka roƙa." Na ce to. A cikin kar, babbar motar fasinja, na yi ta juya abin, har dabara ta zo mani: ba zan roƙa ba, yabawa zan yi. Shi ma ai ɗan gidan ne. In na yaba ya ce naka ne, ko a kaina zan ɗauko shi.

Gardiye, wato mai gadi, ya buɗe mani ƙofar bila, babban gidan Mushe. Salon kuwa faɗi gare shi, sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, na ratsa ƙashi, ƙasa farin karo, wato tayil, har ina tsoron taka shi. Komai na ɗakin ƙarfe ne da icce. Har da wani tsohon turmi mai tsaga an ɗora mishi gilashi, Allah kaɗai ya san tsohuwar da aka raba da shi. A tsakiya ga ƙiryar Baba. An goge ta, an shafe ta da barni, man da ke sa katako ƙyalli, an ɗora ta bisa baƙaƙen ƙafafu. Na duƙa na duba haɗin, don hali ba ya barin mutum. Wanda ya yi sudur ɗin gwani ne, ba ka ganin inda ya ɗiga. Gaskiya ta yi kyau, kuma kyan nata ya ƙara hasala ni. Da abin ya yi muni da na samu abin faɗa.

Sai na lura ta gajarce. Na auna da ido, na auna da taki. An datse ta gefe da gefe, kowane gefe kusan kamu ɗaya, an daidaita bakin tas.

Mushe ya fito muka gaisa, na zauna, aka kawo ruwa. Na gyara murya na ce, "Kai, Mushe, wannan tabur ya yi kyau!"

Ya ce, "Mersi."

Mersi! Godiyar Faransanci kawai, babu naka ne. Na bari aka ɗan taɓa hira, na tambayi iyali, na sake dawowa. Na ce ban taɓa ganin abin da ya shiga raina irin taburin nan ba. Ya gyara zama, ya shiga ba ni labarin baƙin da suka zo suka yi santi, da wani bature da ya tsuguna yana ƙidayar guraben, wai ya ce wannan tarihi ne. Ni ake ba labarin guraben, ni da na koyi rarrafe ina dafa su. Karo na uku na sa hannu bisa iccen, na dube shi cikin ido, na ce, "Taubashi, na ce ya yi kyau." Ya gane, wallahi ya gane, don sai da ya kau da kai. Ya ce, "Maƙeri ke nan. Bari in sa a kawo abinci."

Na tambaye shi guntayen da aka yanke. Ya ce tsawon ya fi ƙarfin ɗakin, mai tsara salon ne ya ce a rage. Ya ƙwala ma gardiye kira. Gardiyen, wani dattijo mai fara'a, ya ce ai tuni ya mai da su gawayi, kuma bai taɓa dafa shayi da wuta mai daɗewa irin tasu ba. Ban ga laifinshi ba, kowa ya san gawayin ƙirya. Na tashi na sa takalmina. Abincin da aka kawo ban ko buɗe shi ba.

Na iso Dakoro da la'asar, na iske Baba bisa tabarmarshi. Bai tambaye ni ko na kawo ba, ya ga hannuna. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi ɗan ƙanwarshi da yaranshi ɗaya bayan ɗaya. Har na yunƙura zan tashi, sannan ya ce, "A inuwa yake?"

Na ce a inuwa, cikin ɗaki ma.

Ya ce, "Madalla. Akwai wani gurbi can ƙarshe, shi kaɗai, wanda ya karkace ba kamar sauran ba. Ka gan shi?"

Na tuna guntayen da aka datse. Ya ci gaba, idonshi na ƙasa. "Na uwarka ne. Bahaguwa ce, in ta tsaya cikin mata igiyarta sai ta harɗe da tasu, suna ta faɗa. Shi ne ta koma can ƙarshe ita kaɗai. Shekara tara tana ja a wurin."

Ina da shekara huɗu ta rasu. Ba hotonta, ba wani abu nata a gidan, kuma sai ranar na san bahaguwa ce. Baba ya ɗago yana jira. Na ce, "Yana nan, Baba. An shafa mishi mai, yana ta ƙyalli."

Ya gyaɗa kai. Ranar ya cinye tuwonshi tas. Da safe, ina shirin fita, ya kira ni ya ce tun da yaron nan na da salula mai hoto, in ce ya ɗauko mishi wurin ya turo, ya gani ko sau ɗaya. Na ce to. Wata na biyar ke nan, duk bayan kwana biyu sai ya tambaya, ni kuma ina ce mishi babu rezo, waya ba ta shiga.