Zanen Dogara a Sahun Idi

Dogara mai zanen riga ne a unguwar Kwarbai. A shekarun alif ɗari tara da tamanin tawada ta gundure shi, ya koma gwada gawayi da ruwan goro da shuni a littafin zanensa, har ya fito da zanen da ba a taɓa ɗinkawa ba. Mutum ɗaya ya nuna wa, Ɗahiru maɗinki, abokinsa tun suna wasan ƙasa.

Ranar Idi yana tsaye a sahu, sai ga zanen nan a bayan rigar na gabansa. Da aka sallame ya tambayi mai rigar.

"Ai sabon zanen Malam Ɗahiru ne," in ji mutumin. "Kai ma ka je ya koya maka mana."