Dami na Goma

Shekara shida na yi ina ɗaure wa kawuna damman gero a gonarsa ta bayan Unguwar Lalle. Ɗaurin dami shi ne abin da na iya. In na ja igiya na taka da gwiwa, ko jaki ya yar da damin ba ya kwancewa.

Al'adarmu, in an ɗaura tara, na goma na Allah ne, a ware shi zakka. Kawu ba ya wasa da wannan. Yakan tsaya da carbi a hannu, in mun iso na goma ya ce, "Wanga ka sassauta hannu." Ma'anarta mu biyu muka sani. A tattaro zangarniyar da tsuntsu ya cinye da wadda ba ta yi ido ba a cusa a ciki, a lulluɓe da masu kyau, a ɗaure sako-sako. Sai ka ga damin Allah ya fi sauran girma. Ranar Juma'a ake ɗora su a amalanke a bi ta ƙofar masallaci, daidai lokacin da jama'a ke fitowa. Liman kuwa duk kaka sai ya yi huɗuba kan masu tauye hakkin talaka da abin da ke jiransu, kawu yana sahun gaba yana gyaɗa kai, wani lokaci har da hawaye.

Shekarar da mutanen Gatawa suka gudo mana, aka ba wata mata dami uku daga cikin na zakkar kawu. An kashe mijinta, ta zo da 'ya'ya huɗu, kuma da wannan geron take sa ran su kai damina. Bayan kwana biyu sai ga ta a ƙofar gidana da ƙwarya a kai. Ta sauke. Geron ciki bai wuce tiya biyu ba.

"Malam, an ce kai ke ɗauri."

Na ce ni ne.

"Na sussuke duka ukun, ga abin da na samu. Ka kai wa Alhaji kawunka, ka ce mishi ajiya ce na ba shi. Za ni amsa ranar da za a sussuke kowa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juye geron a kan tabarmata, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Daga baya na ji ta kwashi yaran sun koma Isa, tana wankau a gidajen mutane.

Kunya ta kama ni, amma tsoron kawu ya fi ta ƙarfi, don a gonarsa nake ci. Na ce gobe za ni kai. Goben ta zama jibi, geron yana nan a kusurwar ɗaki cikin buhu. Ranar nan na dawo daga gona da ƙishirwa, matata ta miƙo mini fura mai sanyi. Sai da na shanye na tambaye ta inda ta samo gero.