Sa Ɗaya, Mazaɓa Uku

Har yau ban manta da jajiberin wata Babbar Sallah ba, ranar da sakataren wata jam'iyya ya same ni a kara. Ku da kuka shigo dillancin shanu a bayana, ku saurara.

A shekarar an yi zaɓen fid da gwani, manyan jam'iyyar suka ajiye wanda talakawa ke so suka ɗora nasu. Mazaɓu suka ɗauki zafi. Sai aka sanar cewa kowace mazaɓa za ta samu sa na Sallah.

Sakatare ya zaɓi wani farin gudali mai tsagaggen kunnen hagu da baƙin tabo a tozo. Na ce, "Ranka ya daɗe, sauran fa?" Ya ce yau ƙaddamarwa ce kawai, in samo mota in biyo shi. Na san akwai magana, amma na ɗora san a mota.

Muka fara da mazaɓar Gidan Dare. Aka sauke sa, sakatare ya miƙa wa shugaban mazaɓa igiya, ya ce Allah ya sa albarka, aka ɗauki hoto. Sannan ya ce a mayar da shi mota, nasu na zuwa gobe. Haka aka yi a wajen Kalambaina. Bayan la'asar muka isa Ƙofar Kware.

Jagoran magoya baya a can shi ne Baba Ummaru, tsohon mahauci. Tun yana saurayi yake bin gida gida saboda jam'iyyar, bai taɓa riƙe ko kansila ba. Matasan unguwa sun so su sauya sheƙa, shi ya tare su, ya ba su kalmarsa cewa ba a manta da su ba. Mun tarar an wasa wuƙaƙe, mata sun aiko da kwanoni, shi kuma yana tsaye da hular jam'iyya a kansa.

Aka miƙa masa igiya, aka yi hoto. Sai wani mahauci, Isa, ya zagaya san, ya duba wayarsa, ya ɗaga ta sama. Hoton da aka ɗauka da san nan a Gidan Dare ne.

"Sakatare," in ji shi, "wanga sa ai ya hi ɗan takararku yawon kamfe. Shi za mu zaɓa?"

Sakatare ya ce, "Haba, shanu ai kama suke yi."

Dariyar da aka yi ba mai daɗi ba ce. A gaban mahauta ya faɗi haka, mutanen da ke gane sa daga tafiyarsa.

Baba Ummaru bai yi dariya ba. Ya juyo gare ni. "Alhaji Bello, kai na dillali. Sa nawa anka saya?"

Kun san ƙa'idarmu. Dillalin da aka tambaya a gaban shaidu, in ya yi ƙarya sau ɗaya, ya gama cin abinci a kara. Sakatare yana ta ƙifta mini ido. Na ce, "Ɗaya, Baba."

Matasa suka ce a kayar da shi nan take, tunda igiya tana hannun Baba. Ga waɗanda ba su san kara ba, haka al'adar take: in aka damƙa maka igiya aka sa albarka, dabba ta zama taka. Baba ya sake tambayata, "Wa anka fara ba igiya?"

Na ce, "Mutanen Gidan Dare."

"To ba namu ba ne. Ba ni ciyar da ɗiyan unguwa da naman wasu." Ya sa mini igiyar a hannu. "Kai masu abinsu."

Ya cire hular, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce wa jama'a kowa ya ɗauki kwanonsa. Ina kallo suka watse, babu wanda ya zage shi, babu kuma wanda ya tsaya yi masa sallama. Na kai sa Gidan Dare kafin magariba. Sakatare bai biyo ni ba, bai kuma sake sayen dabba a hannuna ba.

Da zaɓe ya matso na ga Baba da hular a kansa, yana bin ƙofofi shi kaɗai. Na ce, "Baba, har yanzu?" Ya ce, "To ina za ni, Alhaji? Su anka ba kujera, mu munka gina ɗakin." Matasan da ya tare a bara ko ɗaya ba ya bayansa.

Abin da na ɗauka shi ne, manyan nan yadda suke ganin shanu duk kala ɗaya, haka suke ganin masu zaɓensu. Su kuwa na ƙasa sun san kowa da tsagar kunnensa. Laifina ni ma yana nan, domin ni na ɗora san. Tun daga ranar ba na ɗora dabba a mota sai na san hannun da igiyarta za ta kwana.