Murfin da Ya Rasa Kwanonsa

Murfi kaɗai ya iso Makka tare da mu. Kwanon miyar ya fashe a bayan mota tsakanin Chadi da Sudan, ranar da direba ya afka rami. Tangaran ne na Ingila, fari mai shuɗɗan furanni, wanda surukata ta saya a gwanjon wani Bature a Kano ta sa wa 'yarta a jere. Muna zaune a unguwar Jarwal ta Makka labarin rasuwar tsohuwar ya iske mu. Maiɗakina ta ɗauko murfin ta kifa a kan wata langa da ba ta kai shi faɗi ba, kullum ta goge shi. Ni kuwa abin yana ci mini rai. Na ce ko zan ƙarar da takalmana sai na samo wa murfin nan kwanonsa.

A shekarun nan ana rushe tsofaffin gidajen da ke kewaye da Harami don a faɗaɗa masallaci, kayan cikinsu kuwa sai haraj, wato gwanjon garin. Da an yi la'asar nakan rufe teburin turarena, in naɗe murfin a ƙyalle in tafi. A can na koyi tangaran. Na Ingila na gaske, in ka ɗaga shi ga rana, za ka ga inuwar yatsunka ta baya. In ka ɗan buga shi da farce sai ya yi ƙara siririya mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Sannan ka juya gindinsa ka duba hatimin kambi, ka bi bakinsa da yatsa ko an taɓa liƙe shi. Ina cikin haka na tara farantai da kofunan shayi, har maiɗakina ta fara yi mini tsiya, wai dangin kwano sun cika ɗaki, shi kwanon bai zo ba. Dillalai ma suka laƙaba mini Abu Gata, mai murfi ke nan da Larabcinsu.

Sai da aka yi hajji biyu sannan irin kwanon ya fito, cikin kayan gidan wasu 'yan kasuwa 'yan asalin Indiya. Furannin nan ne, hatimin nan ne, kuma ba murfi. Duk ɗan Kano ya san abin da yake so shi yake taɓe wa baki. Na sani sarai, amma hannuna ya riga ni. Na kwance ƙyalle na ɗora murfin a gaban kowa, ya zauna. Wani mutumin Hadramaut mai shagon tangaran a unguwar Utaibiyya ya dube ni ya dubi kwanon, ya shiga tayi. Na ƙara ya ƙara, har aljihuna ya gaza. Ya karɓi kwano, ya biyo ni yana murmushi, wai in sayar masa da murfin.

"Ya Hajji, me za ka yi da murfi ba kwano?"

"Abin da za ka yi da kwano ba murfi," na ce da shi.

Na koma gida raina a ɓace, ban faɗa wa maiɗakina an ga kwanon ba. Ranar Juma'a bayan masallaci na nufi shagonsa. Ya ajiye kwanon a inda kowa zai gani. Na yi sallama, na zauna a bencinsa, ya ba ni shayi don ba yadda zai yi da baƙo. Duk wanda ya shigo ya taya kwanon, sai in fito da murfin in hau goge shi a cinyata. Mai saye ya tambaya ko murfin na sayarwa ne, in ce a'a, ya kama gabansa. Haka na riƙa yi duk Juma'a, da zafi da sanyi. Alhazai suka zo suka tafi, kwano yana nan. Shayinsa dai mai daɗi ne, ba zan tauye masa haƙƙi ba.

Bayan hajji ya haƙura. Ya ce in ba shi abin da ya biya, kuma don Allah in nemi wani bencin.

Na biya shi, na kai kwanon gida na ajiye a kan tabarma. Maiɗakina ta daɗe tana kallonsa kafin ta ɗora murfin. Sai na ga abin da ban lura da shi ba a hayaniyar haraj: gefe ɗaya bai zauna daidai ba, yana ɗan rawa. Na fara cewa zan koma nema, ai gidajen da ake rushewa ba su ƙare ba.

Ta danna murfin da yatsa, ya yi ƙwas. Ta sake dannawa.

"Bar shi, Malam," ta ce. "Haka na Inna yake yi."

A nan ta yi kukan da ban ga ta yi ba ranar da saƙon rasuwar ya zo.