Ranar da Wayar Gwaggo Ta Bi Motar Niƙa

A daminar da guguwa ta lanƙwasa ƙarfen sabis na ƙauyenmu, wayoyi duk suka kurmance. Da farko har daɗi na ji. Gero ya kai ƙirji, gona ta haɗe da gona tun daga bayan katangarmu har inda ido ya gaji, ba abin da ke tashi sai kukan kurciya.

Amma Gwaggo, yayar mahaifina, saƙo take jira. Yanar ido ta rufe mata gani shekara da shekaru. Ɗanta da ke aiki a Legas ya sa sunanta a wani asibitin ido a Kano, aka ce za a turo ranar aiki ta imel ɗin da ya buɗe mata a wayarta. Wanda ya bari ranarsa ta wuce kuwa, sai baɗi in da rai.

Kullum da hantsi tana zaune a ƙofar ɗaki, fuskarta na bin ɗumin rana. Takan ce mutane a wurinta kamar ana hango su ta cikin tururin tukunya ne.

"'Yar nan, duba mini ko ya zo."

In duba me? Na so in kai ƙorafi wurin kamfanin layin, to da me zan kira su? Da layin da ya mutu? Ikon Allah! Maza duk suna gona, ni kuma ba na iya barinta ita kaɗai, ko randa ba ta kaiwa sai da hannuna.

Ran kasuwar Bici na ga mata suna jera kwanukan niƙa a bakin hanya, mai bas zai kai inji ya dawo da su. Nan dabara ta faɗo mini. Na ɗauki wayar Gwaggo na rubuta wa kamfani cewa ƙarfenmu ya lanƙwashe, na danna, saƙon ya maƙale yana jiran hanya. Na kunna data, na ɗaure wayar a leda.

"Malam direba, ga wayar Gwaggo, a kai ta ta sha iska."

"Wa zan ba?"

"Ba kowa. Ka bar ta a aljihu, ta san aikinta."

Ya yi dariya har da buga sitiyari. Gwaggo kuwa ta ce a miƙo mata tukuna, ta tofa mata addu'ar matafiya.

Wunin nan bai yi kama da sauran ba. Hadari ya taso ya fasa, iska na kwantar da gero tana tayar da shi. Na zauna ina tsefe mata kai, zuciyata na can cikin mota, tana wuce ɗorawa da rijiyoyi, tana sauraron inda saƙonni ke shawagi a sama suna neman mai su. Tsoro nake ji sosai, kada ranar ta riga ta wuce.

Da la'asar waya ta dawo, ledar duk gari. Direba ya ce tun kafin su shiga Bici ta fara rawa a aljihunsa har ya zaci kunama ce. Na buɗe. Ƙorafina ya tafi, imel ya shigo ya kwanta, ana karanta shi ba sai da sabis ba. Aiki gobe da safe, in ji saƙon asibitin. Na rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

Ranar da aka cire mata bandeji bayan aikin, ina tsaye a gefen gado. Ta dubi taga, ta juya tafin hannunta ta duba, sannan ta tsura mini ido ta daɗe.

"Wace ce wannan mai furfurar?"

"Ni ce, Gwaggo."

Ta jawo ni, ta shafa gefen kaina inda ɗankwali ya zame. Rabon da ta ga fuskata sosai tun ina goyon fari.

"Kai, duniya," ta ce a hankali. "Ashe a ɗakina kika tsufa, 'yar nan, ni ina ta aikenki."