Gurbin Malam Shu'ibu Mai Banda

Malam Shu'ibu ya fi shekara talatin yana sayar da bandar tarwaɗa a kasuwar Haɗeja, bai taɓa sanin hawan jini ba sai da 'yarsa Adila ta fara neman gurbi a jami'a. Aikin jinya take so. Shekara biyu tana cin jarrabawa, shekara biyu sunanta bai fito ba. Malam ya rame. In mai saye ya tambaye shi kuɗin kifi, sai ya faɗa masa makin Adila. Wani ya taɓa taya ɗari biyu da goma, Malam ya ce wannan bai isa jinya ba.

A shekara ta uku ya gaya wa matarsa Barira shi kam sai ya ga idon jarrabawar nan. Da ma ya gama sakandare tun yana saurayi, takardar na ƙasan adaka. Barira ta ɗauka wasa ne, har ta gan shi da hotuna a aljihu. Wurin rajista na'ura ta ƙi babban yatsansa sau tara, domin ƙayar kifi ta shafe zanen, sai da ya kwana uku yana shafa man kaɗe. Shi ma jinya ya cike, wai don ya gano abin da ke tare wa yarinyar hanya.

Ranar jarrabawa mai gadi ya ce iyaye su jira a waje. Malam ya miƙa masa takarda, ya wuce ya zauna bayan 'yarsa, yana ta yi mata addu'a a bayyane har aka yi masa kashedi.

Da sunaye suka fito, an ba Malam Shu'ibu jinya. Adila kuwa an ba ta kiwon kifi.

Ya sa babbar riga ya tafi jami'ar da ƙullin banda, ya roƙi a musanya musu. Ma'aikacin da ya tarar a ofis ya saurare shi da ladabi, ya ce, "Baba, gurbi ba akuya ba ne." Ya karɓi bandar dai.

Adila ta yi kukanta ta share hawaye ta tafi. Yanzu tana aji uku, in ta zo hutu ta tsaya a bakin murhu tana gyara wa babanta aiki, yana ta ƙunƙuni yana bi.

Shi kuwa ya ƙi sakin gurbin. Barira ta ce ko ya je ko ya bar wa 'ya'yan mutane, ya ce abin da aka sha wahala a kansa ba a kyautarwa. Duk shekara yana rubuta takardar ɗage karatu. 'Yan kasuwa suna kiransa Nas, har masunta kan zo masa da ciwon baya. Yana duba su sosai, sannan ya tura su asibiti.