Girar Hagu ta Inna

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, don haka ban tashi a gabanta ba. Ana yaye ni, sai Goggo, yayar Babanmu, ta goya ni ta tafi da ni Mairuwa. Can na yi wayo, can na yi firamare, daga can kuma aka ɗauke ni makarantar horon malamai ta mata. Garinmu Ƙetare sai da hutu. In na zo nakan durƙusa a bakin ƙofar Inna in gaishe ta kaina a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon wani wuri. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son wani abu sai ta ce wa duk wanda ke kusa, "Ku ce wa ɗiyar Goggo ta kawo tsintsiya," ko da kuwa ina tsaye a gabanta. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka kowa ya tarar. Ni ma abin bai dame ni ba, dama ba mai yawan magana ba ce ni, na fi son a bar ni da littafina a gindin rumbu.

Shekarar da nake aji uku kuɗi suka shigo ƙasa, auduga ma ta yi daraja, gari ya cika da rediyo da babura. Baba ya biya wa Inna kujerar Makka, ya kuma sayo mata risho, wai ta huta da hayaƙin icce. Ita kuwa tun tasowarta murhu ta sani, in wuta ta yi sanyi sunkuyawa ake a hura. Wata rana rishon ya ƙi ci sosai, ta ƙara masa kananzir, ta sunkuya ta hura. Wuta ta taso mata. Allah ya tsare idon, amma girar hagu ta tafi gaba ɗaya, yatsun hannunta na dama kuma suka ƙone.

Lokacin da muka zo dogon hutu ni da Goggo, ciwon ya warke. Wurin girar ya zama fata mai santsi, tana ƙyalli, ko gashi ɗaya babu. Yatsun ma sun warke amma sun ƙage, ko allura ba ta iya riƙewa. Wata biyu ba ta leƙa ko zaure ba, ta kife madubinta a ƙarƙashin gado, kallabinta kullum a jaye har saman ido. Ga shi malamin alhazai ya aiko cewa ranar Laraba zai rufe karɓar hotuna, guda huɗu, fuska a buɗe tun daga goshi. Inna ta ce ita ba za ta zauna gaban mai hoto da gira ɗaya ba, a ba wani kujerar. Ranar Lahadi ke nan.

Goggo ta ce, "Ke matarmu, kujerar Makka za ki bari saboda gashi? To ga ɗiyata nan, ita ke zana wa malamansu taswirar duniya. Wadda ta zana kogin Kwara ai gira ba za ta gagare ta ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma gaskiya ne ina da hannu, kuma a makaranta na sha ganin manyan 'yan aji suna aske girarsu su zana siririya da jagira. Ni ban taɓa yi ba, kallo dai nake daga kan gadona. Goggo ta aika aka sayo jagira baƙa a wurin mai koli.

Ranar Litinin da hantsi aka shimfiɗa tabarma a inda haske ke faɗowa. Inna ta zauna, ta janye kallabi, ta runtse ido. Na durƙusa a gabanta. Shekarata goma sha bakwai, ranar na fara kallon fuskar uwata sosai. Na ga tana da ɗan tabo a haɓa, na ga zanen gidansu a kumatu ya fi yadda nake zato tsawo. Numfashinta na taɓa mini wuyan hannu.

Na yi abin da na iya. Na ɗauko rula da ƙarfen nan mai ƙafa biyu da muke auna nisa da shi a taswira. Na auna girar dama, daga karan hanci zuwa farkonta, daga ido zuwa tsakiyarta, tsawonta da kaurinta, na rubuta a bayan littafina. Na ɗiga alamu a hagu, na haɗa su. Jagirar sai zamewa take a kan fatar, sai da na shafa hoda tukuna ta kama. Na fi awa ɗaya. Da na gama na ja baya na duba, wallahi ko a takarda ban taɓa yin aiki mai kyau haka ba. Girar nan biyu kamar an naɗe takarda an yanka.

Goggo ta karkata kai, ta daɗe tana kallo. "Ta yi kyau," in ji ta. "Amma wacece wannan?"

Maƙwabciyarmu mai ƙosai, wadda ta shigo da sunan aron rariya, ta ce, "Kamar matar ma'aikacin gona da aka kawo bara. Ba ita ba ce."

Na ce a hankali, "Daidai suke. Na auna."

"To ai nan ne matsalar," in ji Goggo. "Ita girar tata ba daidai suke ba. Ta hagun ta fi ɗagawa. Da ita take harara ta tun tana amarya."

"A'a Goggo," in ji mai ƙosai, "ba ɗagawa ta yi ba, kauri gare ta, sai wutsiyar ta sauko."

Inna, idonta a rufe, ta ce, "Ku ce mata ta goge."

Na goge. Na yi mai ɗagawa, mai ƙosai ta ce ta zama kamar wadda aka gaya wa mutuwa. Na yi mai kauri, Goggo ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce gashin bakin ɗan doka ne ya ɓata hanya. Na yi ta tsakiya, kafin a gama gardama a kanta aka kira azahar, Inna ta tashi ta yi alwala, ruwa ya tafi da ita. Bayan salla muka koma, la'asar ta sake wanke mini aiki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk gidan nan babu wanda zai iya gaya mini abu ɗaya da zan riƙe. Inna ba ta taɓa ɗaukar hoto ba, wannan ne zai zama na farko. Mutanen da suka shekara ashirin suna kallon ta, kowa ya san wadda na zana ba ita ba ce, amma babu mai iya cewa ga yadda take. In na ce, "Sama da nawa?" sai Goggo ta ce, "Ɗan kaɗan dai." In na ce, "Kamar ƙwayar dawa ko ta gero?" sai ta ce, "Ke dai kin cika tambayar 'yan boko." Da Baba ya dawo daga gona Goggo ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, girar matarka ta hagu, yaya take?"

Ya tsaya da fartanya a kafaɗa. "Gira ce dai irin ta mutane."

"Shekara ashirin mi kake kallo?"

"Ke dai Yaya," in ji shi, ya shige ɗakinsa.

Ni ma da nake jin haushinsu, ba ni da bakin magana. Da a ce na taɓa ɗaga kai sau ɗaya na dube ta, da ban nemi kowa ba, domin abin da na gani sau ɗaya ba ya ɓace mini.

Ranar Talata na zana gira goma sha ɗaya a takarda, na jera, na ce su zaɓa. Goggo ta zaɓi ta huɗu, mai ƙosai ta zaɓi ta tara. Aka miƙa wa Inna takardar, ta dube ta a juye, ta ajiye. Fatar wurin ta fara ja saboda yawan gogewa. Da yamma ta ja kallabinta ta ce wa Goggo, "Ku ce mata ta huta. Allah bai kira ni bana ba." Na koma bayan rumbu na zauna, ban yi kuka ba, amma na karya jagirar gida biyu ban sani ba.

Safiyar Laraba Goggo ta tashi da nata shirin. Ta ce ko da an dace da zanen, jagira ba za ta kai Ƙanƙara wurin mai hoto ba, ga zufar damina ga cunkoson mota. Ta samo katambiri, ɗan itacen nan da matan ƙauye ke zana fuska da ruwansa, ta fasa, ta matse a murfin kwalba. Shi in ya kama fata sai ya yi kwanaki, alwala ba ta fitar da shi. Ma'ana sau ɗaya zan ja, in na kuskure shi ke nan. Baba ya riga ya tsayar da a-kori-kura a ƙofar gida, direba na ta danna oda. Goggo ta sa Inna a gaba da faɗa har ta yi wanka ta sa sabon zane, ta zauna a tabarma, amma ta ce in bai yi ba ba inda za ta.

Na tsoma tsinke a ruwan katambiri, na ɗaga, na kasa saukewa. Ta huɗu ko ta tara? Direba ya sake danna oda.

"Wannan ɗan banzan zai tara mana gari," in ji Goggo, ta ja mayafi ta fita ta ba shi haƙuri.

Muka rage mu biyu. Ban taɓa zama da ita mu kaɗai ba. Sai na ji ta kama wuyan hannuna da ƙagaggun yatsun nan nata. Ba ta buɗe ido ba. Ta jawo hannun, ta ɗora bakin tsinken kusa da karan hancinta, ƙasa da inda na saba farawa.

"Nan," ta ce.

Ta ja hannuna a hankali, ya hau, ya hau fiye da duk alamun da na taɓa ɗigawa, ya yi wata 'yar kwana da babu ita a girar dama, sannan ya faɗo gajere. Hanyar da ta yi shekara da shekaru tana bi da tsinken kwalli ke nan kowace safiya, ba ta buƙatar madubi. Ta saki hannuna kafin takun Goggo ya iso. Ni kuma na cike layin da ƙananan jaye-jaye, ɗaya bayan ɗaya, yadda zai yi kama da gashi.

Na ja baya, raina ya ɓaci. A karkace take. Ta fi ta dama ɗagawa sama da kusan faɗin ƙwayar masara, ta kuma fi ta gajarta. Da a makaranta na miƙa irin wannan aiki, da jan biro za a dawo mini da shi.

Goggo ta shigo ta tsaya cak. "Yawwa! Ga 'yar rainin nan ta dawo. Ba na ce miki ta huɗu ba?"

Ba ta huɗu ba ce, ko kusa.

Inna ta sa aka jawo madubin daga ƙarƙashin gado, ta goge ƙurar da gefen zaninta, ta duba sau ɗaya. Ta ce, "Ku ce wa direba ga mu nan."

A shagon mai hoto a Ƙanƙara mun tarar da layin maniyyata. Da aka zo kanta, ita da kanta ta tura mayafin baya, ta zauna a gaban baƙin ƙyallen ta miƙe wuya. Mai hoton ya leƙa ta cikin na'urarsa, ya ɗago ya ce, "Hajiya, a ɗan saki fuska, kamar kina tuhumata."

"Haka Allah ya yi ta," in ji Goggo. "Ɗauki abinka."

Kafin la'asar aka wanke, Baba ya kai wa malamin alhazai da hannunsa, aka karɓa. A mota muna dawowa Goggo ta yi ta ba fasinjoji labarin yadda ɗiyarta ta auna fuska da rula har ta gano girar da ta ɓata. Ina jin ta, ban gyara mata ba, Inna kuma tana kallon gonakin dawa ta taga. Ni kuwa duk lokacin da mota ta yi tsalle na saci kallon girar, sai in ji hannuna na ƙaiƙayin ya sauke ta ƙasa kaɗan.

Katambirin ya yi kwana shida ya dushe. Kafin hutu ya ƙare yatsunta sun fara lanƙwasuwa, ta naɗa wa tsinken tsumma don ya yi kauri, ta ci gaba da ja da kanta. Ba a sake nema na ba. Jirginsu ya tashi ina makaranta, muna tsakiyar jarrabawa.